Za a sallamo Mma bayan aikin baya, ku faɗa min abin da kuka gani a gida

'Yar Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ranar Alhamis za a sallamo Mma daga asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi. An yi mata aiki a ƙugu, an haɗe ƙashin baya na 4 da na 5 da ƙarfe. Ni kaɗai zan yi jinyarta, kuma gidan haya muke, banɗakin tsuguno ɗaya ga ɗaki tara. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa min gaskiyar yadda zaman gida yake.

Direban trotro, Asawase: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Mma lafiya. Ni ma an yi min irin wannan aikin. Fara da banɗakin nan tun yau. Tsuguno ba zai yiwu ba. Ni kafinta na sa ya yi min kujera mai rami, tsayinta ya kai gwiwa, da wurin dafawa hagu da dama, muna sa bokiti a ƙasa. Maganin rage zafi irin su tramadol yana ɗaure ciki, na kwana biyar ban yi bayan gida ba, yunƙuri kuma har cikin ɗinkin nake jinsa. Miyan ayoyo da kuɓewa da gwanda da ruwa mai yawa ne suka kwance ni.

Kuskurena ɗaya, kada ki bari ta yi shi. A mako na huɗu na ji ƙarfi, na ɗaga jakar piya wata daga bakin ƙofa. Leda 30 ce, kowace rabin lita, kilo 15 ke nan, alhali dokta ya ce kada in wuce kilo 5. Kwana biyu ban sauko daga gado ba. Wata shida ƙashin yake haɗewa, wani lokaci har shekara, ko da fatar ta rufe.

Hajiya daga Nima, Accra: 'Yata, sannu da ɗawainiya. A asibitin Korle Bu aka yi nawa. Abin da ya fi ci min rai salla ce. Shekara hamsin goshina yana taɓa ƙasa, sai ga ni a kujera. Asubar farko kuka na yi. Malaminmu ne ya tuna min hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, cewa a yi salla a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kwance ta gefe. Daga nan hankalina ya kwanta. Wurin alwala a ɗora buta kan tebur, ƙafa kuma ke za ki wanke mata, kada ta sunkuya.

Sai 'yan dubiya. Kin san zango, daga safe har isha ɗaki cike. Kunyar surukai ta hana ni kwanciya, in zauna awa biyu ina amsa sannu, da dare ƙafata ta dama kamar ana zuba garwashi. Zama ya fi tsayuwa danne ƙugu. Minti 20 zuwa 30 ya isa, sai ta tashi ta taka ko ta kwanta. Ke ce za ki ba mutane haƙuri da bakinki, ita ba za ta iya ba.

Wani ɗan Sabon Zango: Ranar sallama ku ɗauki tasi, ku kwantar da kujerar gaba. Ban da pragya, wato keke mai ƙafa uku. In za ta tashi daga gado, ta juya kafaɗa da ƙugu tare kamar gungume, ta sauke ƙafafu, sannan ta tura da hannu. Kuma ta riƙa takawa a tsakar gida kullum, don jini kada ya daskare a ƙafa.

Mai jinyar Baba, Tafo: Dangi sun kawo mana mai ɗori ya murza bayan Baba da man zafi. Na tsaya a ƙofa na hana, har yau wata gwaggona ba ta huce ba. Akwai ƙarfe a ciki, ba targaɗe ba ne. Haka diclofenac na kemis, doktan Baba ya hana saboda yana iya rage haɗewar ƙashi.

Kullum ki duba ciwon da hasken waya. Rana ta tara na ga bandeji ya jiƙe da ruwa mai wari, jikinsa da ɗumi. A daren muka koma, aka wanke aka ba da magani. In kin ga haka, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zubowa ba ta sani ba, ko tsakanin cinyoyinta ya mutu, ko sha-raɓarta ta kumbura, kada ki jira ranar da aka rubuta a kati.

'Yar Aboabo: Allah ya saka muku da alheri. Na je wurin kafinta, gobe zai zo ya auna tsayin gwiwar ƙanwar Mma, tsawonsu ɗaya. Hajiya, katifarmu a ƙasa take. Ke a kan me kika kwana makon farko?