Wane suna za mu raɗa wa gas ɗin da ke rufe walda?

'Yan'uwa masu walda da masu son Hausa, ga wata kalma da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a rai. A waldar TIG, wato waldar lantarki da ake yi da tsinken ƙarfen tangistin, akwai gas ɗin da ke fitowa ta bakin tocin walda ya rufe narkakken ƙarfe, wanda Turawa ke kira shielding gas. Mu kuwa agon kawai muke cewa, mu wuce. Amma agon sunan gas ɗin ne, bai faɗi aikin da yake yi ba, kuma na lura rashin sunan aikin yana sa masu koyo ɓarnar gas.

Wani yaro da nake koya wa aiki ne ya jawo wannan magana. Na bar masa ƙaramar tukunyar gas cike, washegari da yamma allurar agogonta ta kwanta. Na duba ma'aunin, sai na tarar ya kai shi lita 15 a minti ɗaya. Na ce, "Kai, wa ya ce ka buɗe haka?" Ya ce, "Maigida, ai ka ce kariya ce. Na ga waldar tana yin ƙananan ramuka, shi ne na ƙara mata kariyar." Ban ga laifinsa ba. Kalmar da na ba shi ita ya bi.

Ga abin da ke faruwa a bakin tocin. Ƙarfe idan ya narke yana da kwaɗayin oksijin da naitirojin da ke cikin iskar da muke shaƙa. Da zarar sun taɓa shi sai waldar ta yi ramuka kamar soso, ta yi baƙi, ta rasa ƙwari. A waldar sanda, ɓawon da ke jikin sandar ne ke ƙonewa ya yi wannan rufin. A TIG babu ɓawo. Tsinken tangistin ne tsirara, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422 a ma'aunin Celsius, shi ma kuma iska tana lalata shi in ya yi ja. To agon ne ke kwararowa ta cikin kofin tangaran da ke bakin tocin ya ture iska gefe. Ya fi iska nauyi, shi ya sa yake kwanciya a kan aikin, kuma ba ya haɗuwa da komai. Masana kimiyya Lord Rayleigh da William Ramsay ne suka gano shi a 1894, kuma daga wata kalmar Girkanci mai nufin rago aka samo masa suna, saboda ba ruwansa da kowa.

Kalmar farko da ke zuwa bakin kowa ita ce iskar kariya. Ba ta yi mini ba. Iska ce fa abokiyar gaba a nan. In ka ce wa mai koyo "iskar kariya tana kare walda daga iska", ka ɗaure masa kai. Gara mu bar wa iska sunanta, mu ce gas, ko da yake shi ma gas yana sa mutane tunanin abin da ke kamawa da wuta, alhali agon ba ya ci.

Wani ya kawo gas ɗin garkuwa, kuma ita ce ta fi kusa da abin da Turancin ke nufi. Sai dai garkuwa abu ne mai tauri da ake tare sara da shi, kuma gwargwadon kaurinta gwargwadon amfaninta. Wannan shi ne ainihin tunanin da ya kwashe wa yarona tukunya. Gas ɗin nan ba haka yake aiki ba. In ya fito a hankali yana sauka a miƙe, ya kwanta. In ka matsa masa sai ya rikice, ya riƙa juyi kamar ƙaramar guguwa, ya janyo iskar waje ya cusa ta cikin waldar. Ramukan da yaron ya so ya kashe da ƙarin gas, ƙarin gas ɗin ne ya hayayyafa su. Laima ma an ambata, amma laima daga sama kaɗai take tarewa. Shamaki kuma a tsaye yake wuri guda, shi kuwa wannan yana bin toci duk inda ta nufa.

Ni dai na tsaya a kan gas ɗin lulluɓi. Lulluɓi ba ya son ƙarfi. Wanda zai lulluɓe mai barci da bargo a hankali yake sauke shi, ya tabbatar ya rufe ko'ina, ba ya jefa masa. Muna cewa hazo ya lulluɓe gari, kuma haka agon yake yi a kan narkakken ƙarfe, ba ka ganinsa amma ya mamaye wurin. Kalmar tana da sauƙin juyawa a baki: lulluɓin ya yi kaɗan, lulluɓin ya yaye, fanka ta yaye masa lulluɓi. Wannan na ƙarshen ma ya isa darasi, domin iska kaɗan daga fanka ko taga tana kwashe agon, kuma maganinta a kafa labule ko allo, ba a ƙara buɗe tukunya ba. Sannan sunan bai ɗaure mu ga agon shi kaɗai ba. Lokacin da Russell Meredith ya fito da wannan walda a kamfanin jiragen sama na Northrop a Amurka, a 1941, da hiliyam ya yi aiki, don haɗa ƙarfen magniziyam. Hiliyam ɗin ma gas ɗin lulluɓi ne.

Ga lissafi ga mai koyo. Tukunya mai cin lita 10, in an cika ta har matsin gas ya kai bar 200 a agogonta, tana ɗauke da kusan lita 2,000 na gas. Yawancin ƙananan ayyuka lita 6 zuwa 10 a minti sun wadatar. A lita 8, tukunyar za ta ba ka wajen minti 250, wato awa huɗu da 'yan mintuna. A lita 15 kuwa da ƙyar za ta wuce awa biyu, waldar kuma ta fi muni.

Amma ko ma'auni na daidai, mai koyo ya fi gwani shan gas, kuma dalilin ya kai ni ga kalma ta biyu. Idan ka saki maɓalli wuta ta ɗauke, gas ba ya tsayawa nan take. Yana ci gaba da zuba na 'yan daƙiƙu har tsinken da waldar su huce. Wannan nake so mu kira rakiya, domin gas ɗin yana taka wa waldar ne har ta fita daga haɗari, kafin ya juya. Abin da aka saba shi ne kamar daƙiƙa ɗaya ga kowane amfiya 10 na ƙarfin wutar walda, wato a amfiya 100 rakiya za ta kai daƙiƙa 10. Gwani yana jan layi mai tsawo ya yi rakiya ɗaya. Mai koyo yana yin daƙiƙa 15, tsinke ya tsoma cikin narkakken ƙarfe, ya tsaya, ya je ya wasa bakin tsinken, ya dawo. A kowane tashi, daƙiƙa 10 cikin 25 rakiya ce ta cinye. Ga kuma gas ɗin da ya taru a tiyo, wanda ke fita da ƙarfi, fuu, duk lokacin da aka kunna.

Na ga masu datse rakiya gaba ɗaya don tattali. Kada ku yi. Ku dubi bakin tsinken bayan kun tsaya: in ya fito fari yana sheƙi, rakiya ta isa, in ya yi shuɗi ko baƙi, an yaye masa lulluɓi tun yana da zafi. Ku rage ta daidai da wutar da kuke aiki da ita, kuma ku riƙe tocin a kan waldar har gas ya tsaya, don rakiyar da aka yi wa sarari ba ta amfani kowa ba. Sauran tattalin a wajen toci yake: a shafa ruwan sabulu a mahaɗan tiyo a ga ko zai yi kumfa, a rufe kan tukunya in an tashi aiki. Wanda ke walda cikin tanki ko rami kuma ya sani agon ba shi da wari, yana taruwa a ƙasa ya kore iskar numfashi.

Ɗan gas ɗin da ke riga wuta fitowa, na ƙasa da daƙiƙa ɗaya, share fage nake ce masa, kuma ban ji wanda ya yi gardama ba. Wanda ya rage mini shi ne gas ɗin da ake cika cikin bututun sitenles don bayan waldar kada ya ƙone ya yi ƙuraje. Na gwada lulluɓin ciki, na gwada lulluɓin baya, kunnena bai gama amincewa da ko ɗaya ba. Masu haɗa bututu, ku da kuke wannan aiki kullum, me kuke ce masa?