Neman shawara: wane kati zan ce a sayo mini don sauke tsofaffin gem?

Baban Amir:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka fi ni sanin harkar gem. Akwai Switch, na'urar gem ta kamfanin Nintendo, a gidana da yara ke bugawa, kuma na daɗe ina burin su ɗanɗana irin waɗanda muka taso da su, su Super Mario World da Donkey Kong Country da Contra. Ƙanena da ke karatu a wata ƙasa ya ce zai sayo mini katin kyauta, irin wanda ake kankarewa a loda kuɗi, in dai na faɗa masa wanda nake so. Ban da haka ina da tsohuwar Wii mai aiki lafiya lau, kuma na ga wani yana tallan katin Wii Points mai maki 2000, sabo fil ba a kankare ba. In saya? Katin da ƙanena zai aiko kuma, zai shiga na'urata? In ya shiga na sauke gem, ya zama mallakina ke nan har abada? Yaron nan ɗalibi ne, daga ɗan abin da yake samu zai cira, ba na so ko kaɗan kuɗinsa ya tafi a banza.

Abu Hanan:
Wa alaikumus salam Baban Amir. Katin Wii ɗin nan kada ka taɓa shi. Tun 26 ga Maris 2018 aka daina karɓar loda maki, shagon Wii ɗin kansa kuma aka rufe shi ranar 30 ga Janairu 2019. A zamaninsa kati ne mai albarka, don gem na NES (tsohuwar na'urar Nintendo) maki 500 ne, na Super Nintendo 800, na Nintendo 64 kuma 1000, ka ga kati ɗaya zai ba ka na NES har huɗu. Yau ko lambobinsa na gaskiya ne babu wurin da za ka shigar da su. Masu tara kayan tarihi ne kaɗai yake wa amfani. In akwai gem da aka taɓa saukewa a cikin Wii ɗinka, suna nan za ka ci gaba da bugawa, sai dai ka kiyaye kada wani ya goge na'urar da sunan gyara.

Haka abin yake ga Wii U da 3DS, an rufe saye a shagonsu ranar 27 ga Maris 2023. Na faɗa ne saboda masu karantawa da ke da su.

Maman Ilham:
Yaya, kafin ka ba ƙanenka amsa, fara duba ƙasar da ke kan asusunka na Nintendo. Switch ba ta damu da inda ka ajiye ta ba, ƙasar da aka zaɓa ranar buɗe asusu ita ake kallo. Katin da aka sayar a Amurka da dala yake, sai asusun Amurka. Na Ingila da fam yake, na Japan da yen. In suka saɓa, za ka shigar da lambobi goma sha shidan nan daidai ɗaya bayan ɗaya, allo ya ce maka ba za a iya amfani da katin ba. Kati lafiyarsa ƙalau, asusun ne ba nasa ba.

Ka shiga shafin asusun ta waya ko kwamfuta, wajen bayanan mai asusu za ka ga ƙasar a rubuce. Sau da yawa ma ba mai na'urar ne ya zaɓa ba, wanda ya fara saita ta ne ya danna abin da ya ga dama. Ana iya canza ƙasa, amma ragowar kuɗin da ke ciki ba ya bin ka zuwa sabuwar, don haka sai ka fara kashe shi. Mu a gidanmu abin da ya fi mana sauƙi shi ne asusu guda da ya dace da ƙasar da katunanmu ke fitowa, muka tsaya a kansa.

Malam Injiniya:
Tambayarka ta uku ita ce ta fi muhimmanci, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Tsarin da ka sani a Wii, wanda ake kira Virtual Console, inda kake sayen tsohon gem ɗaya ya zauna a na'urarka, babu shi a Switch. Abin da ya maye gurbinsa shi ne Nintendo Switch Online, wanda aka fara a Satumban 2018 da gem na NES, aka ƙara na Super Nintendo a Satumban 2019, sai na Game Boy a Fabrairun 2023. Akwai babban mataki mai suna Expansion Pack da ya zo a Oktoban 2021, a nan ne ake samun na Nintendo 64 da Sega Mega Drive, daga baya aka ƙara Game Boy Advance.

To wannan haya ce, ba saye ba. Muddin rajistarka na aiki, ɗakin a buɗe yake, ka buga duk wanda ka so. Ranar da ta ƙare, manhajar tana nan a allo amma ba za ta buɗe maka ba. Kuma ko ba ka da intanet kullum za ka iya bugawa, sai dai dole na'urar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana bakwai don a tabbatar rajistar na nan.

Super Mario World da Donkey Kong Country duk suna cikin ƙaramin mataki, ba ka buƙatar babban saboda su. Shi kuwa Contra, akwai tarin da kamfanin Konami ya fitar a 2019, Contra Anniversary Collection, wanda ake saya sau ɗaya ya zauna a asusunka ba tare da biyan wata ko shekara ba. Akwai irinsa na Castlevania, da Mega Man Legacy Collection na Capcom, da jerin Arcade Archives da ake sayarwa ɗaya-ɗaya. Shi ya sa ni zan ce a sayo maka katin kuɗi na eShop, wato shagon intanet na Nintendo, ba katin rajista zalla ba. Da kuɗin za ka iya biyan rajistar, ka kuma sayi tarin da ragowar.

Abban Sadiq:
Malam Injiniya ya yi bayani, amma ni ban ga laifin hayar ba in dai don yara ne. Yaro ba ya zama kan gem ɗaya. Yau Mario, gobe Kirby, jibi ya koma tseren mota. Kuma akwai abin da ya sa 'yata ta jure wa tsofaffin gem ɗin nan duk da wahalarsu: in ta faɗa rami sai ta danne maɓallan ZL da ZR tare, hotuna su jeru a ƙasan allo, ta koma baya kaɗan ta sake tsallen. Mu da muka buga na asali, mutuwa uku ka koma farko. Ita kuwa da haka ta gama duniyar farko ta Super Mario World da hannunta, ta zo da gudu tana nuna mini.

Abu ɗaya dai, rajistar ta asusun da ya biya ce. In kowane yaro na da nasa asusun, sai ka ɗauki ta iyali, wadda ke ɗaukar asusu har takwas.

Malam Injiniya:
Ban musa ba Abban Sadiq, ni ma ina biya. Abin da nake so Baban Amir ya sani shi ne abin da yake saya, tunda ya ce "har abada". Ko wanda ka saya ɗin ma izinin bugawa ne da ke rataye da asusunka. Na'urar gem ta Xbox 360 an rufe shagonta a Yulin 2024, ga na Wii da Abu Hanan ya ambata. Duk wanda yake ƙaunar wani gem da gaske, ya saye shi ya sauke, ya kuma adana imel da kalmar sirrin asusun kamar yadda yake adana takardunsa masu daraja.

Ummu Yasir:
Ni gargaɗina kan hanyar da katin zai iso gare ka ne. Ka ce wa ƙanenka ya saya a babban shago ko kai tsaye daga shafin kamfanin, kuma ya riƙe rasit. Katin da ke rataye a shago ba shi da komai a ciki sai mai karɓar kuɗi ya kunna shi a na'urarsa, rasit ɗin ne shaidarka in aka sami matsala. Ya duba bayan katin, in azurfar da ke rufe lambobin ta ɗan kwaile ko an manna wata a kai, ya ajiye ya ɗauki wani. Ba sai ya aiko da katin ba, ya kankare a hankali ya turo maka lambobin kai kaɗai, kai kuma ka loda nan take. Duk wanda ya riga shigar da su shi ne mai kuɗin. Masu tallan lambobi da rangwame mai yawa a kafafen sada zumunta kuwa, ka yi nesa da su. Araha ba ta ado. Wasu da katin banki na sata ake sayensu, in asiri ya tonu asusun wanda ya loda ne ke shiga matsala.

Baban Amir:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na duba kamar yadda Maman Ilham ta ce, ƙasar da ke kan asusun ba ita ce wadda ƙanena yake ba, amma babu ko sisi a ciki. Katin Wii kuma na haƙura da shi. Yanzu in canza ƙasar, ko in buɗe sabon asusu?

Maman Ilham:
Tunda babu kuɗi a ciki, canzawa ta fi, Yaya. Gem ɗin da yara suka riga suka saya da inda suka tsaya duk suna nan a asusun, ba sai ka raba kayanku gida biyu ba. Ka canza tukuna, ka buɗe eShop ka ga farashi ya koma kuɗin ƙasar da ƙanenka yake, sannan ka ce masa ya saya. In ka zo biyan rajistar, duba wajen sabuntawa ta kai-tsaye ka kashe ta in ba ka so, don kada wa'adi ya cika a zare ragowar da ka tanada wa Contra.