Shin SG Wannabe ce ta daƙushe waƙar Koriya ta Kudu?

Malam Bashir: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne ƙungiyar mawaƙa ta SG Wannabe ta fi yi wa waƙar Koriya ta Kudu illa bisa alheri tsakanin 2004 da 2007. Tun da Kim Yong-jun da Chae Dong-ha da Kim Jin-ho suka fito a Janairun 2004 da waƙar "Timeless", sai kasuwa ta daina karɓar komai in ba waƙar bege mai matsakaicin sauri ba, wadda ake rerawa da kakkaurar murya kamar mai shirin fashewa da kuka. Su kansu Koriyawa sun laƙaba wa salon suna somori changbeop, wato rerawar kora shanu, saboda yadda mawaƙi ke jan "wo-wo-wo" daga ƙirji tamkar makiyayi yana bayan garke. Ba a raɗa wa abin da ake ganin ƙimarsa irin wannan suna.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam Bashir, ka ɗora laifi a inda bai dace ba. Kundinsu na biyu, "Saldaga", ya fito a 2005, daidai lokacin da cinikin faifai ya durƙushe saboda jama'a sun koma sauke waƙa daga intanet, amma duk da haka aka sayar da fiye da kwafi 400,000, babu kundin da ya kai shi a shekarar. Kamfanoni sun ga inda kuɗi yake sai suka yi ca a kai. Mai ɗaukar nauyinsu ma, Kim Kwang-soo, shi ya fito da ƙungiyar mata ta SeeYa a 2006 bisa wannan tsarin. Idan maƙwabta suka kwaikwayi mai sana'a har abin ya gunduri mutane, ai ba shi za a tuhuma ba.

Malam Bashir: Ai kin ƙarfafa maganata ne, Malama. Da ba su buɗe ƙofar ba, da ba a yi wannan turereniya ba.

Malam Nura: Ku gafarce ni in sa baki, domin ba su suka buɗe ƙofar ba. Park Hyo-shin ya fito tun 1999 da irin wannan murya mai nauyi, kuma har yau ana ambatonsa idan ana zancen salon. Abin da ya fi damuna da maganarka, Malam Bashir, shi ne ka mayar da mutum uku murya ɗaya. Harufan SG na nufin Simon da Garfunkel, mawaƙan Amurka biyun da suka yi fice wajen haɗa murya, kuma da farko samarin nan ko fuskarsu ba a nunawa, 'yan fim ake sakawa a bidiyon waƙoƙinsu don a auna su da abin da kunne ya ji kawai. Na sha sanya abin sauraro a kunne da dare ina bin "Saldaga" baiti-baiti: muryar Yong-jun siririya ce mai zaƙi, tana shiga a hankali, ta Dong-ha na da ɗan kaushi mai sosa rai, sai Jin-ho ya taso daga ƙasa ya ɗauke amshin gaba ɗaya. Jin-ho ɗin nan bai cika shekara 18 ba lokacin da suka fara. Masu kwaikwayo kukan kawai suka ɗauka, suka bar jeren muryoyin, wanda shi ne ainihin aikin.

Malama Hadiza: Kuma ba su tsaya wuri ɗaya ba. A 2007 sun saka kayan kiɗan gargajiyar Koriya cikin "Arirang", a 2008 kuma, bayan Dong-ha ya fita Lee Seok-hoon ya shigo, suka yi "Lalala" mai sauƙin kiɗa da annashuwa, Jin-ho ya sassauta muryarsa sosai. Shekara uku a jere, daga 2005 zuwa 2007, suna karɓar babbar lambar yabo a bikin Golden Disc. A 2007 ɗin ne kuma ƙungiyoyin Wonder Girls da Big Bang suka juya kasuwa zuwa waƙoƙin rawa, to ina daƙushewar?

Malam Bashir: Na karɓi gyaran Malam Nura kan Park Hyo-shin, kuma ban taɓa cewa ba su iya waƙa ba. Sai dai saurin da jama'a suka yi wajen rungumar waƙoƙin rawa a 2007 alama ce ta cewa kunnuwa sun gaji.

Malam Nura: Gajiyar ba ta ɗore ba kuwa. A 2021, da suka bayyana a shirin talabijin da Yoo Jae-suk ya gabatar a tashar MBC suka rera tsofaffin waƙoƙinsu, "Timeless" ta sake hawa jerin waƙoƙin da aka fi saurare bayan shekara 17. Na kalli shirin, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne gurbin Dong-ha, wanda ya rasu a 2011, da yadda Seok-hoon ya rera baitocinsa a natse ba tare da ya yi ƙoƙarin kwaikwayon muryarsa ba.