Gwajin Serial na NIST yana ba ni NaN (sakamakon da ba lamba ba) a Python

Salam. Ina rubuta gwajin Serial na takardar SP 800-22 ta NIST (hukumar ma'aunai ta Amurka) da Python, don in auna ko jerin 0 da 1 da injina ke fitarwa bazuwa ce ta gaskiya. Tsawon jerin 1,000,000 ne, m kuma, wato tsawon kowace siffa da ake ƙirgawa, 3.

Da farko na yi amfani da count(), sai na ga ba ya ƙirga waɗanda suka hau kan juna: a cikin "1111" yana ganin "11" sau 2, alhali sau 3 ne. Na koma zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya gyaru. To amma jimillar siffofi 8 ɗin, daga 000 zuwa 111, tana tsayawa a 999,998, ba ta cika miliyan ba. Wani lokaci bambancin psi (ƙimar da gwajin ke lissafawa daga ƙirgen siffofin) na 3 da na 2 yakan faɗi ƙasa da sifili, gammaincc na SciPy, wanda ke lissafa sakamakon gwajin daga wannan bambancin, ya dawo mini da NaN. Na gwada da os.urandom, mai ba da lambobin bazuwa daga kwamfutar kanta, haka dai, saboda haka ba injina ba ne.

Don Allah, ya ake ƙirga lambobi biyun ƙarshe da ba su cika uku ba: a liƙa musu na farkon jerin ne, ko a bar su? Na gode.