Ina neman shawara kan gidan maƙwabcina da nake kula da shi

Baban Sadiya:

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, ina neman shawararku a kan wani lamari da ya hana ni barci kusan mako biyu ke nan. Ni malamin firamare ne a Kano, ina zaune a wajen Hotoro tun 2011, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da na wani bawan Allah da muke kira Alhaji. Zamanmu da shi ya wuce na gaisuwa a bakin masallaci, domin shi ne ya kai iyalina asibiti a motarsa da ƙarfe biyu na dare lokacin haihuwar 'yata ta biyu, kuma da mahaifiyarsa ta rasu, Allah ya jiƙanta, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta.

A farkon 2023 ya samu aiki a Jidda, ya tafi da iyalinsa gaba ɗaya. Daren da zai tashi ya same ni a zaure da makullai cikin baƙar leda, ya ce, "Malam, ga amanar gidana. Ka riƙa buɗewa yana shan iska, ka duba rufi idan damina ta kama, zan riƙa turo maka dubu ashirin duk wata." Na ce masa tsakanina da shi babu biya, ya rantse sai na karɓa. Ba mu rubuta komai ba, kuma babu wanda ya ji sai matata daga cikin gida.

Tun daga ranar, kowace Juma'a bayan la'asar nakan shiga in buɗe tagogi, in kunna injin rijiyar burtsatse na ɗan lokaci don kada ya kafe, in bi ƙofofin katako da bayan kujeru ina duba gara. A watan Agustan bara iska ta ɗaga kwano biyu a saman ɗakin Hajiya, silin ya sha ruwa ya rufto kan katifa, ni na kira kafinta, ni na shanya katifar kwana uku a tsakar gidana.

Mako biyu da suka wuce na shiga na tarar an hauro ta katangar baya, an zare injin rijiyar, an yanke wayoyin wuta na kicin da na tsakar gida. Na sanar da mai unguwa, na kuma tura wa Alhaji saƙo da hotuna. Ya gani, amma har yau bai ce uffan ba. Shekaranjiya ƙaninsa ya zo a gaban yarana ya ce tunda ana biyana, to mai gadi ne ni, in biya abin da aka sace, in kuma miƙa masa makullai. Shin biyan ya hau kaina? Kuma in ba shi makullan ko in riƙe?

Abu Fadila:

Wa alaikumus salam. Malam, ka saurare ni da kyau, domin na daɗe ina shiga irin wannan rigima tsakanin masu gida da masu riƙe musu. Ko sisi kada ka biya. Wanda aka ba amana ba ya ramuwa sai idan an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka umarce shi, kuma ɓarawon da ya hauro katanga da dare ba sakacinka ba ne. Maganar cewa kai mai gadi ne ba ta da tushe. A lokacin da kuka yi magana mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 30,000 ne, a 2024 aka mayar da shi 70,000. Wane ne zai kwana a ƙofar gida da tocila da gora a kan 20,000? Kuɗin shara da buɗe taga aka ba ka. Makulli kuwa, wanda ya ba ka shi kaɗai ke da ikon karɓa. Ka gaya wa ƙanin ya sa yayansa ya kira ka da bakinsa.

Maman Ilham:

Malam, ni kam shawarata ita ce ka mayar musu da kayansu ka huta. Shekara huɗu mijina yana kula da gidan yayansa a Kaduna ba tare da an ba shi ko kwabo ba, shi ke biyan kuɗin 'yan sintiri, shi ke sa a nome ciyawa duk damina. Ranar da suka dawo, matar yayan ta ce ba ta ga wasu kwanukan tangaran ɗinta ba, kuma ni ta kalla da take faɗa. Har yau ba na shiga gidan, 'ya'yanmu ma sun daina zumunci. Ka kira mai unguwa da liman, a ƙirga komai a gabansu, ka miƙa makulli.

Malam Ƙarami:

Allah ya ƙara wa Malam haƙuri. Abin da Abu Fadila ya faɗa game da amana haka muka karanta, amma hukunci yana bin cikakken bayani, kuma akwai abubuwa biyu da ban gani ba. Ban da kai, akwai wanda ke shiga gidan ko yake riƙe makulli? Kuma kuɗin yana zuwa har yanzu?

Baban Sadiya:

Na gode, Malam. Kuɗin ya tsaya wata biyar ke nan, ban kuma tambaya ba saboda kunya. Na kafintan ma ban faɗa masa ba. Game da shiga kuwa, akwai ɗan yayata da ke karatu a nan Kano, wanda na bar shi yana kwana a shagon ƙofar gidan tun bara. Ban sanar da Alhaji ba, gaskiya ne, amma don amfanin gidan na yi, domin gidan da ake ganin fitila a cikinsa da dare ya fi wanda yake duhu tsaro. Yaron mai natsuwa ne, a hannuna ya tashi. Daren da abin ya faru ya tafi Wudil duba mahaifiyarsa.

Malam Ƙarami:

To a nan gizo ke saƙar, Malam. Kyakkyawar niyya daban, izinin mai gida daban. Sanya wani a gidan ba ya cikin abin da aka umarce ka, kuma idan ƙanin ya sani, da shi zai kafa hujja. Ina ganin ka riga shi faɗa wa Alhaji da kanka, sannan ku kai maganar gaban malamin da zai ji ɓangarorin biyu.

Abu Fadila:

Ban yarda ba. Ta baya aka hauro, ba ta shago ba, saboda haka kwanan yaron bai jawo satar ba. Wanda ya daina biya wata biyar shi ya fara warware magana, kai ne ma kake binsa dubu ɗari, ga kuɗin kafinta. Idan ka fara ba da haƙuri yanzu, gobe za a ce yaron ne ya nuna wa ɓarayi hanya. Ka rubuta duk abin da ka kashe, ka tura masa, ka yi shiru.

Baba Na Fagge:

Ɗana, maƙwabcin da ya kai matarka asibiti da tsakar dare ba a yi masa lissafi da biro. Ka sayi wayar wuta ka mayar, shi ya ji da injin, a wuce wurin. Ni an taɓa ba ni riƙon shago a kasuwa, da aka samu giɓi na cika daga aljihuna duk da ban ci ba, kuma har gobe mai shagon bai ce mini na gode ba.

Baban Sadiya:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma idan na sayi waya ai kamar na amsa laifin da ban yi ba ne, kuma albashina ba zai ɗauka ba. Maman Ilham, ba zan iya ba ƙanin makulli ba, domin Alhaji da bakinsa ya taɓa ce mini kada in bari ya saba da shiga gidan. Lissafin bashi kuma ba zan tura wa mutumin da ya yi mini alheri ba. Yaron ma ban ga dalilin fitar da shi yanzu ba, tunda gidan ya fi buƙatar mutum a ciki fiye da da. Ƙanin ya aiko ɗazu cewa gobe bayan azahar zai dawo tare da wani kawunsu. In tare su ni kaɗai, ko in roƙi mai unguwa ya zo ya zauna?