An tura ni ajin kurame, in tafi ƙaro karatu ko in nemi canji?

Ɗan Kabi: Salamu alaikum malamai. Ina da NCE ta Hausa da Islamiyya daga Adamu Augie, Argungu, ina matakin albashi na 07. An mayar da ni ajin yara kurame, ni kuwa ban iya maganar hannu ba. In nemi hutun karatu in yi digirin ilimi na musamman a BUK ta Direct Entry, ko in roƙi a mayar da ni inda nake?

Abu Khadija: Oyo za ka tafi. Can ne kwalejin tarayya ta wannan fanni, NCE shekara 3.

Maman Walida: Malam, ya ce yana da NCE. Ƙanena, da ita aji biyu za a ɗauke ka a BUK. Amma kafin nan koyi harafin yatsu 26 da ƙidaya. Ka kuma sani yaran maganar hannu ta gida suke zuwa da ita, makaranta kuwa salon Amurka ake koyarwa, alamomin ba ɗaya ba ne. Kada ka yi bayani kana fuskantar allo, kada ka tsaya taga na bayanka, fuskarka suke karantawa. Kujeru a jera su kamar kofaton doki.

Baba Jega: Kowa ya bar zancen takardar izinin tafiya karatu. Wani malami shugabansa ya ce masa da baki "je ka abinka". Aka zo tantance ma'aikata, babu takarda a fayil, aka tsayar da albashi. Ya gama digirin, har yau 07 yake, ba a kai shi 08 ba. Takardar shiga makaranta, ta neman hutu, amincewar sakataren ilimi da ta SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, duk a rubuce, ka ajiye kwafi.

Abu Khadija: Ya yi TRCN tukuna, hukumar rajistar malamai. Rukunin D ne na masu NCE, jarrabawar kwamfuta, naira 3,000.

Maman Walida: Wannan tsohon farashi ne. Kuma kuɗin lasisi daban, ga na kafen intanet.

Abu Khadija: Hajiya, ke a aji kike ko a ofis?

Maman Walida: Wanda ya aika mai NCE ya sake NCE ne ke tambaya?

Sarkin Zolaya: Ɗan Kabi ka gode Allah, ka samu ajin da babu surutu.

Maman Walida: Akwai, da hannu suke yi, gulmarka ma a gabanka.

Baba Jega: Surutu ne damuwarmu? Dokar 2022 ta ce malami ya kai shekara 65 ko 40 a aiki kafin ritaya. Me ƙarin shekaru zai yi wa wanda ƙarin girmansa ke kan takarda kawai? Ajin makafi ma ana kawo Perkins, na'urar rubutun makafi, ba takardar braille, ta lalace ba mai gyara.

Ɗan Kabi: Na gode Baba. To hutun da albashi ake ba da shi ko babu?