Hitar motar harsasai tana warin gas, ƙanena yana tsoron kai ƙara

Yayar Soja: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena soja ne a ƙasar waje, direban motar da ke bin igwa da manyan harsasai. Yanzu suna atisaye a wurin da ƙanƙara ke zuba. Jiya a waya ya ce hitar ɗumama cikin motar tana warin man gas, in an kunna ta sai ta yi tari ta fitar da baƙin hayaƙi, kuma ya ga danshin mai a ƙasanta. Ya faɗa wa sajensu, shi kuma ya ce a lallaɓa har a gama atisaye. Yaron sabon shiga ne, ba ya son a ce ya cika ƙorafi. In ce ya yi haƙuri ne ko ya kai maganar gaba? Hajiyarmu ba ta sani ba tukuna.

Tsohon Saje: Wa alaikumus salam. Hajiya, kar ya ƙara kunna ta. Irin wannan hitar ba kamar ta ƙananan motocinmu ba ce da ke ɗaukar zafi daga ruwan inji. Ita mai take sha, tana da wutarta a ciki, ga fanka tana hura iska. Kin ga wuta da yoyon mai da albarushi duk a ɗaki ɗaya.

An taɓa yi. Ranar 11 ga Yuli 1991, a sansanin Doha da ke Kuwait, hitar wata motar harsasai ta sojan Amurka, ƙirar M992, ta kama wuta wajen goma da minti ashirin na safe, motar cike da harsasan igwa masu milimita 155. Sojoji suka yi ta fama da wutar ta ƙi, aka ce kowa ya gudu. Ƙarfe sha ɗaya ta tashi, ta kama motocin da ke jere kusa da ita, su ma ɗauke da makamai, aka shafe awanni ana jin fashewa. Motoci sama da 100 suka ƙone ko suka lalace, har da tankokin yaƙi ƙirar M1A1. Sojoji sama da 50 suka ji rauni, da yawansu garin tsallake katangar sansanin ne suka karye. Ranar 23 ga watan kuma wasu uku suka mutu wajen kwashe ragowar harsasan da ba su fashe ba. Ki tura masa wannan, sajen nasa ya san labarin ko bai sani ba, na samansa sun sani.

Bakanike Zage-Zagi: Ni ba soja ba ne, amma baƙin hayaƙi yana nufin man ba ya ƙonewa daidai. Ko gobara ba ta tashi ba, akwai iskar da ke fita daga irin wannan, ba wari ba launi, mutum ya ji ciwon kai da barci, shi ke nan. Irin ta gawayi ce da ke kashe mutane a ɗaki rufe lokacin hunturu. Tambaye shi ko kansa na ciwo in ya daɗe a ciki.

Maman Ilham: Ni dai a bi a hankali. Soja ba a tsallake na gaba, kar ya ja wa kansa baƙin jini. Addu'a za mu sa shi.

Tsohon Saje: Maman Ilham, addu'a dole ce, amma ba tsallakewa zai yi ba. Direba yana da takardar duba mota da yake cikewa kafin a tashi. Ya rubuta "hita tana yoyon mai" da kwanan wata, ya sa hannu, ya miƙa wa makanikai. Aikinsa ne. Da baki ana iya cewa ba a ji ba, amma in ya shiga takarda, wanda ya ce a kunna shi zai amsa. Kafin nan ya ƙara riga da safa, ya duba tukunyar kashe gobara, ya tabbata ƙofa na buɗuwa da sauri.

Yayar Soja: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambaye shi, ya ce kwana biyu yana tashi da ciwon kai, shi da abokin aikinsa, sun ɗauka rashin barci ne. Ya ce da asuba zai rubuta, kuma su biyun za su je wajen likitan rundunar. Hajiya sai ya kira ni gobe zan faɗa mata.